Ɗakin da Ba Shi da Ƙofa: Tarihin Share Mataccen Kod a Kanel

A tsakiyar kowace babbar manhajar kwamfuta akwai sashen da ake kira kanel, wato ƙwayar da ke raba ma'adana, take tsara wa sauran manhajoji lokacin aiki, take kuma magana da na'urori kai tsaye. Mutane ne ke rubuta kanel, galibi da yaren C, amma masarrafar kwamfuta ba ta jin C. Wata manhaja mai suna kwamfaila ce ke tsayawa tsakani kamar tafinta, ta juya rubutun ɗan Adam zuwa umarnin na'ura. Cikin ayyukanta akwai gano layukan da aiki ba zai taɓa isa gare su ba ko ta wace hanya ya bi, ta zubar da su. Masu sana'ar suna ce wa irin waɗannan layuka mataccen kod. Kamar ɗaki ne da magini ya gina a tsakiyar gida ya manta bai fitar masa da ƙofa ba: ya ci bulo, ya ci fili, ba mai kwana a ciki. Al'adar taimaka wa kwamfaila ta gane irin waɗannan ɗakuna ta doshi shekara hamsin, kuma ba inda sawunta ya fito fili kamar a Linux da sauran dangin Unix.

Dalilin da ya sa kwamfaila ke neman taimako ya girmi kwamfailar kanta. A 1936 Alan Turing ya tabbatar ta hanyar lissafi cewa babu wata dabara guda da za ta duba kowace irin manhaja ta faɗi ko za ta tsaya ko za ta yi ta juyawa har abada. A 1953 Henry Gordon Rice ya wallafa sakamakon da ya faɗaɗa wannan hukunci ga duk wata tambaya mai ma'ana game da halayyar manhaja. Tambayar ko za a isa ga wani layi tana cikin waɗannan. Saboda haka kwamfaila ba ta iya sanin gaskiyar lamarin a kowane hali. Abin da take yi shi ne ta zubar da abin da ta tabbatar ya mutu, ta bar duk abin da take shakka a kansa. Tun daga kwamfailar Fortran da John Backus da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin IBM a 1957 ake nazarin hanyoyin da aiki ke bi a cikin manhaja. A 1970 Frances Allen, ita ma a IBM, ta tsara wannan nazari a matsayin taswira: kowane gungun umarni mahaɗa ce, kowane tsalle daga gungu zuwa gungu hanya ce, duk mahaɗar da babu hanyar zuwa gare ta daga mashiga ta mutu. Allen ce mace ta farko da ta sami lambar yabo ta Turing, ta shekarar 2006. Daga baya Mark Wegman da Kenneth Zadeck suka haɗa taswirar da bibiyar tsayayyun lambobi, a aikin da cikakken bayaninsa ya fito a 1991. Idan an san sharaɗin wata mararraba ƙarya ne a kullum, reshen da ke bayanta ya mutu, mutuwarsa kuma tana iya tsayar da wasu lambobin su kashe wasu rassan. GCC da Clang, kwamfailolin da ake gina Linux da su, duk suna amfani da wannan dabara.

Kanel ya fi sauran manhajoji damuwa da batun ta fuska biyu masu karo da juna. Ta fuska ɗaya, kanel ɗin Linux yana zaune a ma'adana tun daga kunna na'ura har kashe ta, ba a kwashe shi zuwa faifai idan wuri ya yi ƙunci, don haka duk bayit ɗin da mataccen kod ya ci ya tafi ke nan. Ga kuma 'yar ma'adanar gaggawa da ke jikin masarrafa, wadda ba ta da yalwa, mataccen umarnin da ya shiga tsakanin rayayyu yana rage mata amfani. Ta ɗaya fuskar kuwa, kanel yana cike da ƙofofin da kwamfaila ba ta gani. Na'ura tana katse aiki ta jefa shi wani wuri, rubutun yaren asambili, wato umarnin na'ura da aka rubuta da hannu, yana tsalle zuwa cikin C, akwai jadawalai na adireshi da ake karantawa sai lokacin aiki. Abin da kwamfaila ta ɗauka kango ne, wataƙila da mutane a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa nauyin bayani ya faɗo kan marubucin kanel.

An sake rubuta kanel ɗin Unix da yaren C a 1973, a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, domin kwamfutar PDP-11 wadda adireshinta bai wuce kilobayit 64 a lokaci guda ba. A cikinsa akwai fankshin, wato ƙunshin umarni mai suna da ake kira daga wasu wurare, da ake ce wa panic. Ana kiransa ne idan kanel ya tarar da ɓarnar da ba ta gyaruwa, ya buga saƙo ya tsayar da komai. Wanda ya kira panic ba ya dawowa, amma yaren C na lokacin ba shi da kalmar faɗin haka. Alamar farko da ta yaɗu ba ma kwamfaila aka yi wa ita ba. A 1978 Stephen Johnson ya bayyana lint, manhajar da ke duba rubutun C ta yi gargaɗi kan wuraren da take zargi, kuma ta fito tare da zubi na bakwai na Unix a 1979. Lint tana ƙorafi idan ta ga fankshin zai ƙare bai mayar da amsa ba, sai aka ba marubuci damar rubuta kalmar NOTREACHED a cikin sharhin gefe bayan kiran panic, ma'ana nan ba a isowa. Kwamfaila ba ta karanta sharhi, don haka kalmar ba ta rage ko bayit ɗaya ba. Duk da haka ita ce ta kafa tsarin da ake kai har yau, inda marubuci ke ba da shaida kan abin da na'ura ba ta iya tabbatarwa. Ana ganin wannan sharhi a rubutun kanel na BSD, wani reshe na dangin Unix, har yanzu.

Kwamfailar GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, ita ce ta mayar da shaidar abin da ke canza umarnin da ake fitarwa. Hanyarta ta farko ta aro ce. A C akwai kalmar volatile, mai nufin ƙimar da ke iya canzawa ba da sanin manhaja ba, kuma ba ta da wata ma'ana idan an liƙa ta ga fankshin. GCC ta ɗauki wannan gurbi ta ce fankshin mai volatile shi ne wanda ba ya dawowa. Lokacin da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya saki Linux 0.01 a watan Satumba na 1991, da layuka kusan dubu goma, haka ya rubuta panic ɗinsa. Mutanen BSD suka naɗe dabarar cikin wata gajeriyar kalma, __dead, wato matacce. Da GCC 2.5 ta zo a 1993 da siffa ta musamman mai suna noreturn, Linux ya koma kanta, FreeBSD kuma ta ƙirƙiri __dead2 domin sabuwar hanyar. Ribar a bayyane take: bayan kiran irin wannan fankshin kwamfaila ba ta rubuta umarnin dawowa, ba ta tanadin ƙimomin da za a buƙata daga baya, ba ta kuma yin gargaɗin ƙarya.

Mafi yawan mataccen kod a kanel, duk da haka, ba bayan panic yake ba. Yana cikin abubuwan da mai gina kanel bai zaɓa ba. Rubutu guda ne ake ginawa domin wayar hannu, da babbar sabar kamfani, da 'yar na'urar rarraba intanet, kowacce kuma ɗan yanki take buƙata. Rubutun Linux ya haura layi miliyan 40 a farkon 2025, tsarin zaɓinsa mai suna Kconfig, wanda Roman Zippel ya rubuta aka karɓa a 2002, yana ɗauke da zaɓuɓɓuka fiye da dubu goma. Tsohuwar hanyar cire abin da ba a zaɓa ba ita ce umarnin #ifdef. Kafin rubutu ya isa ga kwamfaila yana bi ta hannun wata manhaja mai share fage, ita ce ke yanke duk abin da ke tsakanin #ifdef da #endif idan zaɓin ba a kunne yake ba. Kwamfaila ba ta ko ganin wurin. Aikin yana fita tsaf, amma yana da illa biyu. Rubutun da #ifdef ya yi wa yawa ba ya karantuwa, kuma sashen da aka ɓoye wa kwamfaila ba mai duba masa kuskure. Wani zai canza sunan fankshin, ya gina kanel da zaɓinsa ya ga lafiya lau, bayan wata shida wani ya kunna zaɓin da aka manta ya tarar ginin ya rushe. Henry Spencer da Geoff Collyer sun gabatar da takarda a taron USENIX na 1992 kan wannan ciwo, daga abin da suka gani wajen kula da manhajarsu ta C News.

Maganin da mutanen Linux suka bi shi ne su daina ɓoye wa kwamfaila rubutu, su nuna mata shi su bar mata aikin zubarwa. Da farko an tura #ifdef zuwa fayilolin sanarwa, inda ake tanadar fankshin na bogi marar komai a ciki domin lokacin da zaɓi ke kashe. Rubutun da ke kiransa ba ya canzawa, kwamfaila ta dasa fankon a wurin kiran, ya ɓace. Haka aka yi da saƙonnin binciken kuskure: idan an kashe su, ana sa kiran a bayan sharaɗin da kullum sifili ne, kwamfaila ta duba ko tsarin saƙon ya dace da ƙimomin da aka ba shi, sannan ta zubar da shi har da rubutun saƙon.

A 2011, a Linux 3.1, Michal Marek ya kawo IS_ENABLED, wanda ya mayar da wannan hali doka. Marubuci zai rubuta sharaɗi na C na yau da kullum, IS_ENABLED ya zama 1 idan zaɓin a kunne yake, ya zama 0 idan a kashe. Zubinsa na farko yana da nauyi, domin sai an rubuta wa kowane zaɓi layinsa a fayil ɗin da kowane ɓangaren kanel ke karantawa, har da dubban da ke kashe. A 2012 aka sauya shi da wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. Zaɓin da ke kunne ana ayyana shi da ƙimar 1, wanda ke kashe ba a ayyana shi sam. Sai a manna ƙimar zaɓin a wutsiyar wani tsayayyen suna. Idan ƙimar 1 ce, sunan da ya fito an riga an tanadar masa fassara, wato sifili da waƙafi. Wannan waƙafin yana ƙara gurbi ɗaya a jerin da ake miƙa wa mataki na gaba, wanda aikinsa kawai ya ɗauki abu na biyu a jeri, abu na biyun kuwa ya zama 1. Idan zaɓin a kashe yake, sunan da ya fito ba shi da fassara, babu waƙafi, abu na biyu ya zama 0. Waƙafi guda ya ɗauke aikin dubban layuka. Takardar ladubban rubutun kanel tana umartar marubuta su fifita wannan hanya a kan #ifdef a duk inda zai yiwu.

Wannan sauyi ya ɗaure kanel da kwamfaila ɗaurin da ba ya kwancuwa. A cikin reshen da IS_ENABLED ya kashe ana iya kiran fankshin da aka yi sanarwarsa amma ba a gina jikinsa ba. Muddin kwamfaila ta zubar da reshen, linka, wato manhajar da ke haɗa gutsattsarin da aka fassara su zama kanel guda, ba za ta nemi jikin ba. Ƙa'idar yaren C ba ta wajabta wa kowace kwamfaila yin wannan zubarwa ba, kyautatawa ce, amma Linux ya mayar da ita farilla. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba a gina shi da matakin -O0, inda ake kashe gyare-gyaren kwamfaila. Sai dai -O2, ko -Os ga mai son ƙaramin kanel.

Tun kafin IS_ENABLED ma marubutan kanel sun gano ana iya juya zubarwar ta zama ma'aunin gaskiya. Misali mafi sauƙi shi ne udelay, wanda ke sa masarrafa ta jira wasu 'yan kaso cikin miliyan na daƙiƙa tana zagaye a wuri ɗaya. Lissafinsa yana ambaliya idan lambar ta yi girma, jira mai tsawo ta wannan hanya kuma ɓarna ce. Sai aka rubuta shi da sharaɗi: idan kwamfaila ta san lambar tun lokacin gini, kuma ta kai 20,000, a kira wani fankshin mai suna __bad_udelay. Wannan fankshin ba shi da jiki a ko'ina, da gangan. Idan lambar ƙarama ce, reshen ya mutu, kiran ya ɓace. Idan ta yi yawa, kiran ya tsira, linka ta neme shi ta rasa, ginin ya tsaya da saƙon da ke ɗauke da sunan laifin. GCC 4.3 ta 2008 ta kawo siffar error, wadda ke sa kwamfaila da kanta ta tsayar da gini idan kiran wani fankshin ya tsira bayan an gama share-share, har ta faɗi layin. A kanta BUILD_BUG_ON na kanel, mai tsayar da gini idan sharaɗin da aka ba shi ya tabbata, ya dogara yanzu. Raunin dabarar shi ne takan fashe ba tare da laifin marubuci ba. Idan sabon zubin kwamfaila ya ga dama ya ƙi dasa wani fankshin a wurin kiransa, lambar da ake sa ran sani ta ɓace masa, reshen ya rayu, gini ya tsaya. Shi ya sa ake yawan ganin __always_inline a kanel, wanda ke mayar da shawarar dasawa tilas.

Bayan panic akwai ƙanensa BUG, wanda ake sawa a wurin da marubuci ya yi imani ba za a taɓa zuwa ba sai in wani abu ya lalace. A masarrafar x86, BUG umarni ne na asambili mai bayit biyu, ud2, da aka ƙera musamman domin masarrafa ta ƙi shi. Tana ƙin sa sai ta jefa aiki ga mai kula da kurakurai, shi kuma ya duba adireshin a wani jadawali ya fitar da sunan fayil da lambar layi. GCC ba ta fahimtar abin da ke cikin asambilin da aka dasa a C, a wurinta rubutu ne da za ta miƙa gaba yadda yake. Saboda haka ba ta san aiki ba ya wuce ud2 ba. Shekara da shekaru ana toshe wannan da zagaye marar fita bayan umarnin, domin kwamfaila ta san ba a fita daga irinsa. Farashinsa tsalle ne mai bayit biyu da ba a taɓa aiwatarwa, a dubban wurare. A 2009 David Daney, injiniya mai aiki kan masarrafan MIPS, ya shigar da __builtin_unreachable cikin GCC, ya kuma kawo facin da ya sa Linux 2.6.33 amfani da shi. GCC 4.5 mai ɗauke da shi ta fito a watan Afrilu na 2010. Kalmar ba ta haifar da umarni ko ɗaya. Rantsuwa ce zalla cewa aiki ba ya isowa nan, kwamfaila kuma tana gaskata ta ba tare da bincike ba, har ta yi aiki da ita baya-baya: idan reshe ya ƙare a wannan kalma, to sharaɗin da ke kaiwa gare shi ƙarya ne, ana iya zubar da gwajinsa. Kwamfailar Microsoft tana da makamancinta, __assume da ƙimar sifili.

A shekarar da ake ƙera wannan rantsuwa ne aka ga abin da ke faruwa idan kwamfaila ta ji rantsuwar da ba wanda ya yi niyyar yi. A Linux 2.6.30, wanda ya fito a watan Yuni na 2009, direban tun, da manhajojin VPN ke amfani da shi, yana da wani fankshin mai suna tun_chr_poll. Ɗaya daga layukansa na farko yana karanta wani abu ta hanyar manuni, wato ƙimar da ke riƙe da adireshi, sai 'yan layuka a ƙasa a duba ko manunin sifili ne, in haka ne a koma da kuskure. An sa keken a gaban doki, in ji wasu, amma a idon GCC abin ya wuce rashin tsari. Ƙa'idar C ta ce karatu ta manunin sifili hali ne da ba ta ayyana ba, kwamfaila kuma tana da 'yancin ɗauka ba ya faruwa. Tunda an riga an karanta, manunin ba sifili ba ne, gwajin da ke ƙasa mataccen kod ne. Ta zubar da shi. A manhajar yau da kullum hasarar kaɗan ce, domin karatun farkon zai kashe manhajar. A kanel kuwa adireshin sifili wuri ne na gaske, mai kutse yana iya shimfiɗa bayanansa a can idan ya tsallake shingen da aka sa. A watan Yuli Brad Spengler ya fitar da manhajar da ta yi hakan ta ƙwace cikakken iko da na'ura. An yi wa ɓarakar rajista da lamba CVE-2009-1897. Wanda ya karanta rubutun C zai ga gwajin yana nan daram, sai wanda ya buɗe umarnin na'ura ne zai ga babu shi. An gyara layin, an kuma ƙara wa ginin kanel umarnin -fno-delete-null-pointer-checks, wanda ya haramta wa GCC irin wannan hasashe gaba ɗaya. Clang ba ta sami wannan umarni ba sai a zubinta na 7, a 2018.

Daga nan al'adar ta zama mai baki biyu: a nuna wa kwamfaila abin da ya mutu, a kuma riƙe hannunta daga abin da ya yi kama da matacce. A 2013 Xi Wang da abokan aikinsa a MIT suka gabatar da manhajar STACK mai farautar gwaje-gwajen da kwamfaila ke iya zubarwa ta wannan hanya, suka ba da rahoton kurakurai 160 da masu manhajojin suka tabbatar, ciki har da na Linux. Wani dangin matsalar ya shafi sirri. Fankshin da ya gama aiki da makullin ɓoye bayanai yakan shafe wurin da sifili kafin ya fita. Kwamfaila ta ga ba wanda zai sake karanta wurin, ta ce shafewar aikin banza ce, ta cire ta, makullin ya zauna a ma'adana. OpenBSD ta kawo explicit_bzero a 2014, Linux 3.18 ya kawo memzero_explicit a ƙarshen wannan shekara. Dabararsa ita ce a bi shafewar da fankon asambili da aka ce yana taɓa wurin. Jahilcin kwamfaila game da asambili, wanda ya zama cikas a BUG, a nan shi ne garkuwa.

Rantsuwar ƙarya tana da wani mummunan sakamako. Idan kwamfaila ta yarda ƙarshen fankshin ba a isa gare shi, ba ta rubuta komai a wurin, ko umarnin dawowa. In aiki ya isa duk da haka, sai ya zarce cikin duk fankshin da linka ta ajiye a gaba, ba ƙara ba gargaɗi. Mai gadin da aka samu kan wannan shi ne objtool na Josh Poimboeuf, wanda ya shiga Linux 4.6 a 2016. Asalin manufarsa tabbatar da sahihancin jerin kiraye-kiraye ne, domin a iya yi wa kanel faci yana cikin aiki. Don cim ma haka yana karanta umarnin na'ura da kwamfaila ta fitar, ya sake zana taswirar hanyoyi irin ta Allen, ya yi ƙorafi idan ya ga umarnin da ba hanyar zuwa gare shi ko fankshin da ya zube cikin na gaba. Abin dariya a nan shi ne siffar noreturn ba ta tsira a fayil ɗin da aka fassara, don haka objtool yana riƙe da nasa jerin sunayen fankshin da ba sa dawowa, wanda ake sabuntawa da hannu. Shaidar da aka ba kwamfaila sai an sake ba mai binciken kwamfaila. WARN, wanda ke buga gargaɗi ya ci gaba da aiki, shi ma daga baya ya koma amfani da ud2 a x86, sai ya zama umarni ɗaya wani lokaci bango ne, wani lokaci ƙofa, kuma dole a bar wa objtool alamar bambancewa.

Akwai kuma kod ɗin da mutuwarsa ta lokaci ce, wanda kwamfaila ba ta da ikon hukunci a kansa. Fankshin da ake buƙata lokacin tada na'ura kawai ana yi masa alamar __init tun ƙarshen shekarun 1990, a tara su a sashe guda, kanel ya gama tashi ya mayar da wurin ga ma'adana. Akasinsa shi ne kod ɗin da ke kwance yanzu amma ana iya tada shi, kamar wuraren bibiyar aiki. Da asm goto, wanda shi ma ya zo a GCC 4.5, ana gaya wa kwamfaila cewa wannan asambili yana iya tsalle zuwa wuri kaza, don haka kada ta zubar da wurin. A zahiri umarnin da ke wurin fanko ne. Ranar da aka kunna bibiyar, kanel ya goge fankon a jikinsa ya rubuta tsalle. Jason Baron ne ya kawo wannan a Linux 2.6.37, farkon 2011. Daga Linux 4.17 ginin x86 ya wajabta shi, abin da ya hana Clang gina shi har zubinta na 9 a 2019.

Iyakar ganin kwamfaila fayil ɗaya ne a lokaci guda. Fankshin da wani fayil ke iya kira ba ta isa ta zubar da shi ba, ko da babu mai kiransa a duk kanel. Wannan aikin linka ne. Idan aka sa kowane fankshin a sashensa, linka tana iya bin kiraye-kiraye daga mashiga ta watsar da sassan da ba ta isa gare su ba. Nicholas Piggin ya shimfiɗa wa wannan harsashi a 2016, ana kuma iya kunna shi a masarrafai irin su PowerPC da MIPS da RISC-V. Wahalarsa tsohuwar wahala ce, ƙofofin da ba a gani. Jadawalin fankshin na tada direbobi ba mai kiransa da suna, dole a rubuta KEEP a takardar umarnin linka, in ba haka ba kanel ya tashi babu direba. Duk fankshin da aka buɗe wa modul, wato guntun kanel da ake lodawa daga baya, shi ma dole ya zauna, sai Nicolas Pitre ya kawo zaɓi a Linux 4.7 da ke rufe waɗanda babu modul ɗin da aka gina yana buƙatarsu. Hanya mafi zurfi ita ce a jinkirta gyare-gyaren kwamfaila har lokacin haɗawa, ta ga kanel ɗin gaba ɗaya. Andi Kleen ya yi wannan da GCC, Torvalds bai karɓa ba a 2014 don bai gamsu da ribar ba. Google ta yi da Clang a wayar Pixel 3 a 2018, aikin Sami Tolvanen kuma ya shiga Linux 5.12 a watan Afrilu na 2021. Wayoyin Android da ke cike kasuwar Farm Centre a Kano, Tecno da Infinix da sauransu, kanel ɗin Linux ne a cikinsu, wanda aka tace ta yawancin waɗannan matakai.

Ƙa'idar yaren C ta biyo baya a hankali. Zubin 2011 ya karɓi _Noreturn, shekara goma sha takwas bayan GCC 2.5. Zubin C23 ya karɓi unreachable, ya ayyana isa gare shi a matsayin halin da ƙa'ida ba ta ɗauki alhakinsa ba, ya kuma kawo memset_explicit domin shafewar da ba a zubarwa. Linux, wanda ya zauna kan zubin C na 1989 har zuwa 5.18 a 2022 kafin ya koma na 2011, yana ci gaba da amfani da nasa kalmomin, __noreturn da unreachable da memzero_explicit, waɗanda ke naɗe da siffofin GCC da Clang a fayilolin sanarwarsa.